Amsoshin tambayoyinku: harsashin kamfani ko ɗurin hannu?

Malam, ina da lasisi, kuma ina wasan harbi da libarba, wato ƙaramar bindiga mai silindar harsasai da ke juyawa, mai cin harsashin .357 Magnum. Harsashinta da tsada. An ce harsashin .38 Special zai shiga. Haka ne?

Haka ne, saya ka yi atisaye da shi. Kaurinsu ɗaya, sai dai kwanson .357 ya fi tsawo da kamar milimita 3. Da gangan aka yi haka lokacin da kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1935, don kada ya shiga tsofaffin bindigogin .38 da ba za su iya da ƙarfinsa ba. Ka riƙa goge ramukan silinda bayan ka gama, domin gajeren kwanso yakan bar dauɗa a gaba, ranar da ka koma wa dogon sai ya cije.

Wani abokin harbinmu yana ɗura harsasai da kansa, yana sayarwa a leda da rahusa sosai. In saya in gwada su da na kamfani?

Kada ka saya. Ko kyauta ya ba ka, ka yi godiya ka bar masa kayansa.

Ba ɗurin hannu nake kushewa ba. Sana'a ce ta masu haƙuri, kuma .357 ɗin ma daga gwaje-gwajen irin su Elmer Keith, wani maharbi Ba'amurke, ya samo asali. Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya zuba kuɗi ya sayi bindiga mai kyau, sannan ya tsaya ƙwauron abin da zai sa mata. Harsashin kamfani yana zuwa a kwali da sunan mai shi da lambar rukuni, an kuma gwada shi bisa ma'aunin hukumomin tsara ƙa'idar harsashi, SAAMI a Amurka ko CIP a Turai. Ledar abokinka fa, wa ya gwada ta? Wane irin albarushi ne a ciki? An auna kowane ɗuri, ko kuwa hira ake yi ana zubawa?

Ga inda haɗarin yake. An ƙera .38 Special ne a ƙarshen ƙarni na 19 don baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka kwansonsa yana da ciki. Albarushin zamani kuwa kaɗan ake sawa, ya kwanta can ƙasa. Idan hankalin mai ɗuri ya ɗauku ya zuba sau biyu, kwanson zai shanye ba tare da ya cika ba, a rufe shi, ido ba zai taɓa bambanta shi da sauran ba. Iyakar matsin da SAAMI ta sa wa .38 Special psi 17,000 ne (psi ma'aunin matsi ne), ɗuri biyu kuwa yana wuce nan nesa ba kusa ba. Abin da kan iya biyo baya shi ne silinda ta tsage, ƙarfen da ke samanta ya ɓalle, alhali hannunka na ƙasa, fuskarka na baya. Ka je wa kamfani da kuka, su buɗe maka littafin bindigar, domin galibinsu sun rubuta cewa babu ruwansu da ɓarnar ɗurin hannu. Araha dai ba ta ado. Kuma a ƙasashe da yawa sayar da harsashi ba lasisi laifi ne, ka ga ka jawo wa kanka magana biyu.

Ina harbi sai na ji ƙarar ta fito a raunane, bindigar ko motsin kirki ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni na tsaya, abokai suka yi ta min dariya. Na yi wauta ne?

Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa, ke ce mai hankali a cikinsu. Irin wannan ƙara tana nufin albarushi ya yi kaɗan ko babu shi sam, kuma sau da yawa dalmar kan harsashin tana nan maƙale a cikin bututu. Libarba ba ta san haka ba, ki sake jan kunama silinda ta juya ta kawo na gaba, ya tarar da hanya a toshe. Ki juye sauran harsasan, ki kai wa mai gyaran bindiga ya duba bututun. Wata rana in kika ja kunama kika ji shiru gaba ɗaya, ki bar bakin bindigar yana kallon allon harbi na daƙiƙa 30 kafin ki buɗe.

Ni nake ɗura nawa, da littafin ma'auni da sikeli. Yaya zan gwada su da na kamfani?

Fara da na kamfani, shi ne ma'auninka. Ɗora hannu a kan buhun yashi, nisa ɗaya, misali yadi 25, harbi biyar-biyar, rukuni da dama ga kowane iri. Rukuni ɗaya mai kyau sa'a ce kawai. In ka samu na'urar auna gudun harsashi, tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri za ka duba, ita ce ke nuna ko hannunka ya daidaita. Kwanso ya fara cijewa wajen fitarwa? Tsaya nan, matsi ya yi yawa. Bayan harbi uku ko huɗu buɗe silinda ka dubi waɗanda suka rage: in dalmar ta fara zamowa waje, ba ka matse bakin kwanso sosai ba, kuma za ta iya hana silinda juyawa. Tabarau da abin toshe kunne dole ne, yatsu kuma su nisanci tsagar da ke tsakanin silinda da bututu, wuta ce ke fita ta nan. Wanke hannu kafin ka ci abinci, dalma guba ce.

In ƙara albarushi fiye da abin da littafi ya ce don bindigar ta fi ƙara?

A'a. Wanda ƙara ta dama, ganga ya kamata ya saya.