Maganin gwaji daga Amurka: ko Najeriya ta cancanta, kuma zan iya tura wani kaso Maraɗi?

Tambaya: Barista, ni famasis ne, ina da kamfanin sarin magunguna a Kano, da lasisina da sito mai firji. Wani kamfani daga Amurka zai gwada sabon magani a wani asibiti a nan, da wani kuma a Maraɗi. Suna so in karɓi maganin in ajiye, in riƙa ba asibitin nan, kason Nijar kuma in tura ta mota. A cikin takardunsu na ga an ce Najeriya ba ta cikin "ƙasashen da aka lissafa". Shin aikin ya saɓa doka ke nan? Kuma lasisina ya wadatar?

Amsa: Malam, maganar lissafin ƙasashe da ta tsorata ka ita ce mafi sauƙi a cikin tambayarka. Inda nake ji maka tsoro shi ne hanyar Maraɗi, amma bari mu fara da abin da ka gani a takarda.

Wannan lissafi dokar Amurka ce, kamfanin ta shafa, kai ba ta hau kanka ba. Tun gyaran da aka yi wa dokar fitar da magunguna a 1996, kamfani zai iya tura maganin da bai samu amincewa ba tukuna zuwa wasu ƙasashe domin gwaji, ba tare da ya nemi izinin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba. Ƙasashen su ne Ostareliya, Kanada, Isra'ila, Japan, New Zealand, Siwizalan, Afirka ta Kudu da ƙasashen Tarayyar Turai haɗe da na yankin tattalin arzikinta. A duk nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Rashin sunan Najeriya bai toshe hanya ba, ya dai ƙara wa kamfanin aiki. Ko dai gwajin ya kasance ƙarƙashin takardar neman gwajin sabon magani da suka shigar wa FDA, wadda suke kira IND, ko maganin ya riga ya samu izinin sayarwa a ɗaya daga waɗancan ƙasashe, ko kuma su rubuta wa FDA shaidar cewa maganin bai saɓa dokar ƙasar da zai shiga ba, kwamitin ɗa'a mai zaman kansa zai duba gwajin, kuma za a nemi yardar duk wanda za a ba. Ka tambaye su wace hanya suka bi, su ba ka amsar a rubuce.

Kowace suka bi, maganar tana dawowa ne kan dokar Najeriya, a nan kuma lasisinka bai wadatar ba. Rajistar da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta PCN ta yi maka ta ba ka damar buɗe sito da hulɗa da magungunan da doka ta sani. Maganin gwaji kuwa ba shi da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, kuma dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993 ta hana shigo da magani marar rajista ko raba shi. Ƙofar da ta bari ƙarama ce: NAFDAC na iya ba da izinin shigo da samfuri domin gwaji, kuma ba wanda zai shigo da shi ko ya ba wani sai da takardar shaidar gwaji mai aiki, bisa sharuɗɗan da ke cikinta. Wanda ya karya, akwai tara ko ɗauri, idan kuma kamfani ne ya yi laifin, daraktocinsa ma ba su tsira ba. Bayan wannan akwai amincewar kwamitin ɗa'a na binciken lafiya, ko na asibitin idan yana da rajista, ko na ƙasa, wato NHREC, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba gindin zama.

Kada ka tsaya a kan kwafin da suka turo maka ta imel. Mu Kanawa mun fi kowa sanin dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Asibitin Zana, yara kusan 200 suka shiga, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, bai kuma amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ɗaya daga abubuwan da suka fi tayar da ƙura shi ne wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a, wadda rahotanni suka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Saboda haka ka rubuta wa NAFDAC da kwamitin da kanka, ka nemi su tabbatar da takardun. Ka duba sunan maganin, yawan da aka yarda a shigo da shi, asibitin da aka ambata, da ko sunan kamfaninka ya fito a matsayin mai ajiya. Idan bai fito ba, su nemi a gyara kafin katan ko ɗaya ya shiga sitonka.

Yanzu Maraɗi. Na san a wurin ɗan kasuwar Kano, Maraɗi kamar bayan gida ce: Katsina, Jibiya, ka tsallaka. A wurin doka wata ƙasa ce daban, mai hukumar magungunanta da kwamitin ɗa'arta. Izinin NAFDAC na asibitin da ke rubuce a jikinsa ne, ƙarfinsa ya ƙare a kan iyaka. Idan ka ɗebi wani kaso ka ɗora a mota, ka karya sharaɗin izinin Najeriya, ka kuma shigar wa Nijar magani marar rajista. Direbanka ne zai fara kwana a hannun kwastan, kai ka biyo baya. Kada wani ya ruɗe ka da maganar ECOWAS. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma ko lokacin da take ciki, 'yancin zirga-zirga bai taɓa zama izinin shigar da magani ba.

Ana iya mayar da Kano cibiyar rabon, idan NAFDAC ta yarda a rubuce cewa wani kaso na fitarwa ne, hukumomin Nijar kuma suka riga suka ba da izinin shigarwa da na gwajin. Ni dai ba zan ba ka shawarar haka ba. Ɗawainiyar ta fi ribar yawa, ga zafin hanya ga maganin da wataƙila sai an riƙe shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ka ce musu su tura kason Nijar kai tsaye ga wani mai lasisi a can, kwantiraginka ya tsaya a kan Najeriya kawai. Idan jinkirin neman izini sau biyu ne damuwarsu, akwai dandalin AVAREF da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2006, inda hukumomin ƙasashen Afirka ke duba takardun gwaji tare, ko da yake a ƙarshe kowace ƙasa ita ke sa hannu a nata izinin.

A kwantiragin, ka sa a fayyace wane ne mai shigo da kayan a idon doka. A rubuta cewa kamfanin ne ke da inshorar mahalarta gwajin, kuma shi zai kare ka ya biya idan aka maka ka a kotu saboda illar maganin kansa. Su ma za su nemi ka ɗauki asarar idan firji ya mutu a hannunka, kuma suna da gaskiya, don haka ka tanadi janareta ko sola da na'urar da ke rubuta sanyi dare da rana, ka kuma sa iyaka ga abin da za ka biya. Ka ware wa maganin wurinsa da makulli, ka rubuta shiga da fitar kowace kwalba. Ba a sayar da shi, ba a ba ɗan'uwa marar lafiya don tausayi, ragowar kuma ko a mayar ko a lalata da sanin NAFDAC. Sai ka duba shafin ƙarshe, inda ake faɗin wurin da za a yi shari'a idan rigima ta taso. Idan an rubuta wani birni a Amurka, ka nemi a mayar da shi sasanci a Najeriya, ka kuma kai wa lauyanka takardar ya karanta ta duka kafin ka sa hannu.