Shin "boko" daga sunan itace ta samo asali?

Wani mai karatu daga Damagaram ya ce ya ji cewa "boko" ta fito daga kalmar Ingilishi book, ita kuma daga sunan wata bishiyar ƙasar Danmak, yana neman sanin gaskiyar zancen.

Bishiyar da ake nufi ita ce wadda mutanen Danmak ke kira bøg, doguwa mai santsin ɓawo ruwan toka, wadda wuƙa ke zana alama a jikinta cikin sauƙi, kuma suna ji da ita har sun ambace ta a farkon taken ƙasarsu da aka rubuta a 1819. Littafi kuwa a harshensu bog ne, kuma da wannan sunan suke kiran 'ya'yan bishiyar, ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa uku. A tsohon harshen kakanninsu, kalma ɗaya, bók, ita ce sunan bishiyar da na littafi. Ba daga Danmak Ingilishi ya ari tasa ba. 'Yan uwa ne da suka gaji kalmar daga tushe guda, kamar yadda Jamusanci ke da Buche (bishiyar) da Buch (littafi). Tushen ya kai har Latin, inda ake kiran bishiyar fagus, domin sautin da ya zama b a waɗannan harsuna f ya zama a Latin, kamar bror a harshen Danmak da frater a Latin, wato ɗan'uwa.

Bayanin da yawancin masana suka karɓa shi ne, a kan itace mutanen arewacin Turai suke sassaƙa haruffansu na da, sai sunan itacen ya bi abin da aka rubuta a kansa, ko da yake wasu sun ja da wannan saboda bambancin sigar kalmomin a tsofaffin rubuce-rubuce. Wanda ya taɓa riƙe allo a makaranta ba zai yi mamakin wannan alaƙa ba.

A kan "boko" ne ban yarda da zancen ba. Paul Newman, masanin harshen Hausa, ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin jabu ko yaudara, kamar a "amaryar boko" da "biri-boko", daga baya aka liƙa ta ga karatun Turawa. Hujjarsa ta gamsar da ni, domin da aro ce, da mun ji Bahaushe yana kiran littafi "boko", alhali kalmar Larabci ya ɗauka.