Tambaya da Amsa: Fentin “nano” da muke fesawa a kamfani, yana taɓa huhu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, ya aiki ya iyali. Ni mai feshin fenti ne a wani kamfani da ke yin ƙofofin ƙarfe da kabet a nan Kano, kwanakin baya oga ya kawo mana wani sabon fenti an rubuta nano a jikin bokitin wai ruwa ba ya kama shi kuma ba ya ƙwarzanewa, toh tun da muka fara aiki da shi ƙirjina ke ɗaurewa da daddare ga busasshen tari, in na fyace hanci sai in ga kalar fentin. Fankar da ke zuƙe iska a ɗakin feshin ta lalace tun kafin azumi har yau ba a gyara ba, takunkumi irin na korona muke sawa wani ma tsumma yake ɗaurawa, in an tashi a ba mu madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Abokin aikina ya ce ya gani a waya wannan nano ɗin ya kashe mutane a Chaina. Dan Allah gaskiya ne? Kuma madarar na yin wani abu? Ina da mata da yara ba zan iya ajiye aikin yanzu ba.
Mai fenti, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. A duk wasiƙarka abin da ya fi tayar min da hankali fankar nan ce da ta lalace, ta fi rubutun jikin bokitin ba ni tsoro, bari ka ji dalili.

Labarin abokinka yana da tushe. A 2009 wasu likitoci na asibitin Chaoyang da ke Beijin sun wallafa rahoton mata 7, 'yan shekara 18 zuwa 47, da ke aiki a wani kamfani suna fesa wani farin sinadari mai kama da fenti a jikin alluna sannan a gasa allunan su bushe. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi babu taga, injin zuƙe iskan ya mutu watanni ba a gyara ba, ƙofar ma rufe ta suke yi saboda sanyi, sai ɗan takunkumin auduga da suke sawa jefi-jefi. Tsakanin wata 5 zuwa 13 suka yi a haka, duka bakwai ɗin ruwa ya taru musu a ƙirji numfashi ya gagara, biyu suka rasu. Da aka duba naman huhunsu da ruwan da aka zuƙo sai aka ga ƙananan ƙwayoyin sinadari irin na nano, masu girman kusan nanomita 30. Masana sun yi ta muhawara bayan nan ko ƙwayoyin ne kaɗai suka yi ɓarnar ko har da sauran sinadarai da hayaƙin gashin, domin ba a auna iskar ɗakin ba lokacin da suke aiki, amma babu wanda ya yi gardama a kan cewa feshi a ɗakin da iska ba ta fita ne ya kai su ga haka. Ka sake karanta wasiƙarka ka ga abubuwa nawa suka zo ɗaya.

Shi nano awo ne na ƙanƙanta, ƙwayar da ba ta wuce nanomita 100 ba. Silin gashin kanka ɗaya kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000, ka ga ke nan ido ba shi da ikon ganinta. Kamfanonin da ke haɗa fenti suna zuba irin waɗannan ƙwayoyin, na silika ko titaniyom ko zink, don ya yi ƙarfi ko ya hana ruwa zama. A cikin bokiti ko bayan ya bushe a jikin ƙofa ba su da wata hanya zuwa huhunka, sai fa in an goge shi da samfefa ya yi ƙura. Bindigar feshi ce ke buɗe musu hanya, tana fasa fentin ya zama hazo, manyan ɗigon su faɗa kan ƙofa da ƙasa da rigarka ko su maƙale a hanci, su ne kalar da kake gani in ka fyace, ƙananan kuma tinar da ke jikinsu, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta bushe tun suna sama su ci gaba da yawo a ɗakin bayan kai kana ganin hazon ya wuce har ka cire takunkumi kana duba aiki. Waɗannan su ke wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, a nan babu majinar da za ta fito da su, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su yi ta fama, in abin ya yi yawa kullum wajen ya kumbura, da daɗewa ya yi tabo, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Shi ya sa hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka a 2011 ta ba da shawarar kada ƙurar titaniyom ta yau da kullum ta wuce miligiram 2.4 a mita kubik na iska, amma mai ƙanƙantar nano ta ce 0.3 kacal, sinadari ɗaya amma iyakar ta ragu sau takwas.

Sai dai kada ka ɗora komai a kan nano. Ƙirjin da ke ɗaurewa da daddare ya fi min kama da asma ta wajen aiki, kuma in fentin naku irin wanda ake haɗawa da hadina ne, sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri, wanda kuke cewa 2K, to akwai sinadarin isosayanet a ciki, shi ne kan gaba wajen sa wa masu feshi asma a duniya, kuma in jiki ya riga ya tsane shi ko ɗan kaɗan ka shaƙa sai ya tayar maka. Ka lura da kanka, ranar da ba aiki ko hutun sallah kana samun sauƙi? In eh ne ka faɗa wa likita haka da bakinka. Ka je asibiti cikin satin nan kada ka tsaya kemis, a yi maka hoton ƙirji da gwajin hura iska, ka ɗauki hoton bokitin gaba da baya ka nuna, saboda a wajenmu mai dogon tari tibi ake fara zargi kuma daidai ne a gwada, amma in ba ka ambaci sana'arka ba za a iya wuce ainihin matsalar. In numfashi ya fara yi maka wuya kana zaune ko ka ji ƙirji na ƙara kamar ana fito in kana numfashi, wannan ba na jira ba ne ko da tsakar dare ne.

Madara kuwa ka sha don abinci ce, amma ciki take tafiya, fentin kuma huhu ya tafi, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Wallahi yana ba ni takaici yadda gwangwanin madara ya zama abin da ake rufe bakin ma'aikata da shi a bar fanka a mace.

Takunkumin korona da tsumma iska ta gefe take shiga, kuma ba sa tare tururin tina ko kaɗan. Mafi ƙarancin abin da mai feshi zai sa shi ne takunkumin roba mai gwangwani biyu, wanda aka rubuta A2P3 a jiki, A2 na tururi, P3 kuma na ƙura. Matatar P3 tana kama ƙwayoyin nano sosai, inda ake samun matsala shi ne gefen fuska, in bai zauna daram ba ta nan komai zai bi. A nan maganar gemu ke shigowa, robar ba ta kama fata in akwai gashi, ba kuma cewa nake ka aske ba, akwai irin wanda ake kifawa a kai gaba ɗaya ana turo masa iska mai tsabta ta tiyo, shi ne dama ya dace da fentin 2K ko da gemu ko babu. Gwangwanayen suna ƙarewa, in ka fara jin warin tina a ciki sun gama aiki, kuma in an tashi a sa shi a leda a ɗaure kada a rataye shi a ɗakin feshin ya kwana yana shan tururi.

Kafin a gyara fankar, bayan ka saki bindiga kada ka ɗaga takunkumi sai ka fita waje, kada ku kaɗe kaya ko ƙasa da iskar kwamfiresa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, haka in za a goga samfefa a jiƙa in aikin zai yarda. Kada a ci abinci ko a yi barcin rana a ɗakin. Kayan aiki su tsaya a kamfani kada uwargida ta riƙa kaɗe su a tsakar gida kusa da yara.

Maganar oga, ku je masa ku da yawa cikin ladabi ba kai kaɗai ba, ku nemi a gyara fankar a canja matatarta, ku kuma nemi takardar SDS ta fentin wadda kamfanin da ya yi shi ke bayarwa, a ciki ake rubuta sinadaran da irin takunkumin da ya kamata. Wannan ba alfarma kuke roƙo ba, dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani fitar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa daga wajen aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da ciwon da aiki ya jawo, hukumar inshorar ma'aikata NSITF ke kula da ita. In an yi magana ba a ji ba, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da sufetocin masana'antu a jihohi, ana iya kai musu ƙorafi a rubuce. Ka adana duk takardar da asibiti suka ba ka da kwanan wata a jiki, in likita ya ce ka huta daga feshi ka nemi a mayar da kai wani ɓangaren kamar haɗa ƙofofi ko lodi har a gyara ɗakin. Ka sake rubuto mana abin da gwajin ya nuna, Allah ya ƙara sauƙi.