Amsa ga mai tambaya kan gadon da ake kifa mutum saboda ciwon baya

Assalamu alaikum. Malam, ka ce wata takwas ke nan ciwon baya yana damunka, yana sauka daga ƙugu zuwa cinyar hagu, kuma ka ga ana tallata gadon nan da ake ɗaure ƙafafun mutum a juya shi kai ƙasa, shi ne kake neman shawara ko ka saya. A ƙarshen bayaninka ka ambata cewa kana shan maganin hawan jini. Na yi amfani da irin wannan gado kusan shekara biyu, kuma maganar hawan jinin ce ta sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ni tela ne, na shafe fiye da shekara ashirin a sunkuye kan keken ɗinki. Ciwon ya kai ni ga idan na yi ruku'u sai na dafa gwiwoyi na ɗago a hankali kamar tsoho, daga baya ma na koma salla a kan kujera. Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti, ya nuna cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu da likitoci ke kira L4 da L5 ya turo waje ya danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa. Hikimar gadon ita ce idan aka karkata mutum, nauyin jikinsa da kansa zai ja ƙashin baya, gaɓoɓin su ɗan buɗe, matsin da ke kan jijiya ya ragu. Dabarar tsohuwa ce, domin tun kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) likitan Girka Hippocrates yake ɗaure marasa lafiya a jikin tsani a rataye su.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗinsa. Likitan gashin ƙashi ya umarce ni in fara da karkata kaɗan, digiri 20 zuwa 30, na minti ɗaya ko biyu, kuma kada in hau sai da wani a kusa. A makon farko nakan ji ƙugun ya saki, zafin cinya ya lafa, in sauka ina jin kamar an sauke mini buhun hatsi. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa. Idan na hau da safe na koma shago, kafin la'asar ciwon ya dawo mazauninsa. Wata rana kuma na yi gaggawa na kife sosai ni kaɗai a ɗaki, jini ya taru mini a ka, idanuna suka yi nauyi kamar za su fito, maɗaurin ya datse idon sawuna, na kasa ɗagowa sai da ɗana ya ji kirana ya shigo ya tayar da gadon. Na daɗe zaune ina jiri.

Abin da binciken likitoci ya nuna bai yi nisa da abin da na gani ba. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Newcastle ta Ingila, aka wallafa a 2012, ya samu cewa yawancin waɗanda aka haɗa musu kifewa da gashin ƙashi ba su kai ga tiyata ba, amma mutanen da aka gwada ba su kai 30 ba. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitoci, ta fitar a 2013 kan jan ƙashin baya gaba ɗaya kuwa ta ce amfaninsa ga ciwon ƙugu kaɗan ne ko ma babu.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka kai tsaye. Idan mutum ya kife, bugun zuciyarsa yana raguwa, jininsa yana hawa, matsin cikin ido ma yana ƙaruwa ƙwarai. Saboda haka ake hana mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin ido wanda likitoci ke kira gilakoma, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai juna biyu, da wanda ƙashinsa ya yi rauni. Gilakoma kuma tana iya zama a idon mutum shekaru bai sani ba. A ganina, kada ka hau gadon nan ko da na gwaji ne a wurin mai sayarwa, sai likitan da ke duba jininka ya amince, an kuma auna matsin idonka.

Ba ka faɗi ko an yi maka hoto ba, alhali wata takwas ba kwana kaɗan ba ne. A yankinmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, don haka idan akwai zazzaɓi da rama da zufar dare, a bincika wannan tukuna. Idan kuma ƙafar ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko fitsari ya fara ƙwacewa, asibiti za ka nufa a ranar.

Ni abin da ya mayar da ni sahu a tsaye shi ne atisayen ƙarfafa ciki da baya da aka koya mini a sashen gashin ƙashi, da tafiyar rabin awa bayan asuba, da ɗaga kujerar ɗinkina, da miƙewa duk bayan minti 30. Sai da na yi wata huɗu kafin na ga canji. Gadon yana nan a jingine a zaure, yara suna rataya kayan makaranta a kansa. Allah ya ba ka lafiya.