Hukuncin Abincin Ƙugiya Da Ɗaurin Dalma Wajen Kamun Kifin Kaf

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina sha'awar kamun kifin kaf (carp, wani babban kifin ruwan daɗi) da ƙugiya, abokan da muke fita tare wasu suna sa naman gwangwani irin Spam a matsayin abincin ƙugiya wanda kuma naman alade ne, wasu suna sa boili, wato ƙananan dunƙulen kwaɓi da ake dafawa don abincin ƙugiya, wanda ake cewa akwai garin jini ko ɗan giya a cikin ƙamshinsa. Ya halatta in yi amfani da su? Kifin da ya ci fa, ana cin sa? Sannan yawanci idan mun kama sai mu auna mu ɗauki hoto mu mayar da shi ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan'uwa, shi kamun kifi asalinsa halal ne, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar ruwa da abincinsa, kuma Annabi SAW da aka tambaye shi kan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Saboda haka masara, burodi, tana, tsutsa, ko boili da aka kwaɓa da ƙwai da garin kifi aka dafa, duk babu laifi. Tana mai rai ma an yarda saboda akwai buƙata ta gaskiya, ba wasa ake da ita ba.

Naman alade kam ka bar shi. Matsalar tun wajen saye take farawa, hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya nuna Allah da Manzonsa sun haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka, kaga ba sai ka kai shi baki ba kafin ka shiga haramun, kuɗin da ka biya ma ya isa, ga najasa da za ta taɓa hannunka da kayanka lokacin sallah ya riske ka a bakin ruwa. Kuma kaf kifi ne da ke son masara sosai, to wace larura ce ta kai ka ga alade? Shi boili ka duba abin da aka rubuta a jikin leda, idan ka ga alade ko jini ka bar shi, idan ba ka gani ba kada ka sa wa kanka waswasi. Ɗan giyar da ake narka ƙamshi da shi wanda ya ɓace cikin kwaɓin ya fi sauƙi, malaman Malikiyya suna ba da damar amfani da abu mai tsarki da najasa ta shafa matuƙar ba a masallaci ba ne kuma ba cin ɗan Adam ba. Kifin da ya haɗiyi irin wannan abinci kuwa halal ne a ci, loma ɗaya ba ta mayar da shi jallala, wato dabbar da ke rayuwa kan cin najasa, a fitar da kayan ciki a wanke shi kenan.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarka ba ka ma ɗauke shi tambaya ba, wato mayar da kifin ruwa. Ibn Abi Zaid a Risala ya ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Idan ka kama don ci, ko ka saki don ya yi ƙanƙanta, ko dokar wurin ce ta hana ɗauka alhali kai da niyyar ci ka fito, wannan daban. Amma ka huda bakin dabba ka ja ta tana fama don hoto kawai, gaskiya zuciyata ba ta natsu da shi ba, ni ina ganin karhanci ne, ban kai shi haram ba. Annabi SAW ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, Muslim ne ya ruwaito daga Shaddad bin Aus, kifi ma yana cikin komai ɗin nan.

Idan har za ka yi, to ka gyara ɗaurinka. Akwai ɗaurin gashi da Lenny Middleton da Kevin Maddocks suka fito da shi a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, abincin yana rataye a ɗan siririn zare bayan ƙugiya, ita ƙugiyar tsirara take, sai ta kama leɓe maimakon kifin ya haɗiye ta har ciki, wannan ya fi sauƙi ga kifin. Ka sa ƙugiya mara ƙayar baya, ka jiƙa hannunka, ka kwantar da shi a shimfiɗa mai laushi ba kan dutse ba, kuma kada ka daɗe da shi a waje. Wanda nake cewa haram ne kai tsaye shi ne ɗaure dalma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, tamau yadda in zare ya tsinke kifin zai tafi yana jan ta har ta maƙale a saiwa ya mutu a hankali, babu wanda ya ci babu wanda ya amfana, wannan azabtarwa ce. Ka sa maƙalin da ke sakin dalma idan zare ya katse, ka gwada shi da hannunka kafin ka jefa, guntayen zare kuma ka kwashe kada tsuntsu ya harɗe.

Wallahu a'alam.