Fifiko Daban, Rinjaye Daban

Wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta ta aiko da tambaya: "Malam, a darasin ƙirƙirarriyar basira ana koya mana yadda na'ura ke yanke hukunci kafin bayani ya cika, in hujjoji sun yi karo ta zaɓi ɗaya. Zato zan kira wannan? Kuma zaɓin, fifiko ne ko rinjaye?"

'Yata, ajiye zato. Bahaushe ya riga ya shafa masa baƙin fenti tun da ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Abin da masanin kimiyyar kwamfuta Raymond Reiter ya tsara a 1980 ni hukuncin galibi zan kira shi. An ce miki wani abu tsuntsu ne, kin ce yana tashi, don galibi haka ne. Sai aka ce ai jimina ce, kika janye. Ba ki yi ƙarya ba da farko, bayani ne ya ƙaru.

Fifiko shi ne matsayin da aka ba ƙa'ida tun kafin a kara. Ƙa'idar da ta ce jimina ba ta tashi ta fi wadda ta ce tsuntsaye suna tashi, don ta fi keɓanta. Rinjaye kuwa sai an gwabza ake ganinsa. Saurari "gani ya kori ji": fifiko ne tsantsa, an ɗora shaidar ido bisa ta kunne. To amma wanda ya faɗi haka shi ne dai ya ce kama da wane ba wane ba ne. Wannan karin bai ce ji ya yi daidai ba, ƙafar ganin kawai ya kwashe. Masanin falsafa John Pollock ya rarrabe hanyoyi biyu na sukar hujja: mai ƙaryata hukunci, da mai tsinke igiyar da ta ɗaure hujja da hukuncinta.

A tsarin da masanin kimiyyar kwamfuta Phan Minh Dung ya fitar a 1995, ba a ma leƙa cikin hujja, wa ya soki wa kawai ake dubawa. Hujja ta biyu ta kayar da ta farko, ta uku ta zo ta kayar da ta biyu, sai ta farko ta miƙe ta karkaɗe jikinta. Gaba da gabanta ke nan, aljani ya taka wuta. Kin ga mai fifiko kan wata tana iya rasa rinjaye, in wadda ta fi ta na tsaye a gefe.

Saboda haka a rubutunki sa fifiko inda ake jera ƙa'idoji, ki bar rinjaye sai wurin da na'ura ta gama lissafin waɗanda suka tsira.