Ku Tambayi Maharbi: Zaman Dako, a Ƙasa ko a Kujera?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Katsina ne, shekarata ta uku ke nan ina karatu a Lubbock, jihar Texas ta Amurka. Wani abokin karatuna da iyayensa ke kiwon tumaki ya gayyace ni farautar koyoti, wato dilan ƙasar nan, a hutun ƙarshen shekara. Ya ce in tanadi abin zama. Na shiga kanti na tarar da iri-iri: akwai matashi zalla, akwai 'yar gajeriyar kujera mai majingina, akwai mai ƙafa uku da ake naɗewa. Ni dai a gida ban taɓa ganin maharbi ya saɓa kujera ya nufi daji ba. Anya wannan ba son jiki ba ne? In kuma dole ne, wacce zan saya?
Daga wani ɗalibi, Lubbock.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya ba da sa'ar abin da aka je nema. Ba son jiki ba ne ko kaɗan. Ni ma haka na ɗauka lokacin da aka tura ni kwas ɗin kiwon dabbobi a yammacin Texas, har sai da na gani da idona.

Ranar farko da wani dattijon makiyayi ya fita da ni, ya miƙo mini 'yar kujera na ce ya bar ta a mota. Muka zauna gindin wata ƙaya da asuba, sanyi yana ratsa ƙashi. Ban yi minti biyar ba na ji abu ya soke ni a cinya. Tsidau ne, shi ɗin dai da ka sani a Katsina, don a can ma yana nan birjik, haka ma 'yar'uwar ƙarangiya. Na daure. Can ƙafata ta dama ta yi sanyi ta mutu. Daidai lokacin da na ɗan karkata don in miƙe ta, ashe koyoti ya riga ya fito daga wani kwari yana sassarfa ya nufo mu. Ya ja ya tsaya cak, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, kunnuwa a tsaye. Kafin dattijon ya kai ido kan madubin bindiga, sai wutsiya muka hango tana shigewa ciyawa. Bai ce mini komai ba. Da muka koma mota ya sake miƙo kujerar, na karɓa da hannu biyu.

Sai ka san yadda farautar take kafin ka gane amfanin abin zaman. Ba bin sawu ake yi ba, kira ake yi. Za ku ɓoye mota a bayan tudu, ku taka 'yar tafiya shiru, ku zauna. Sai a busa wani ɗan mabusa, ko a kunna na'urar da aka ajiye taku talatin ko hamsin daga inda kuke, ta riƙa kukan zomon da aka kama. Koyoti ya ji, ya zaci kalaci ya samu. Kowane zama minti 15 ne zuwa 30. In ba a ga komai ba a tashi a ƙara gaba, a yini ɗaya sai ku yi zama goma. To a cikin waɗannan mintocin dabbar ce ke neman inda kukan yake, idonta na kan wurin tun daga nesa. Kayan sojan da mafarautan can suke sawa masu launin ciyawa suna taimakawa, amma abin da ke tona asirin mutum motsi ne. Wanda ƙasa ke cizonsa kuwa, ko bayansa ke ciwo, dole ya motsa. Aikin kujera ke nan: ta ba ka damar zama kamar kututture har lokaci ya cika.

Yanzu ga zaɓi. Tsayin ciyawar wurin shi ke yanke hukunci, don haka ka fara tambayar abokinka yadda filinsu yake. Inda tumaki suka cinye ciyawa ta kwanta, matashi ma ya isa, muddin akwai abin jingina. Inda ta kai gwiwa ko ƙugu, wanda ya zauna ƙasa ba abin da zai gani sai kara, nan ne mai ƙafa uku ke da rana. Amma ina da ƙorafi a kanta. Ba ta da majingina, saboda haka bayan minti goma za ka fara lilo ba ka sani ba, bakin bindiga yana lilo tare da kai. Ƙafafunta sirara ne, suna nutsewa a rairayi. Sannan tana ɗaga ka sama, kanka da kafaɗunka su fito fili, in ba ka sami duhuwar da ta fi ka tsayi a bayanka ba.

Da ni ne a kantin nan, gajeriyar mai majingina zan ɗauka, wadda mazauninta bai wuce inci huɗu zuwa shida daga ƙasa ba. Can suna sayar da ita ne musamman don masu farautar talotalon daji. Ta raba ka da ƙaya da sanyin ƙasa, ta tallafi bayanka, kuma ta ɗago gwiwoyinka daidai inda za ka ɗora gwiwar hannu ka tokare bindiga. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba su lura da shi. A doguwar kujera gwiwoyi suna yin ƙasa, hannu ya rasa madogara, sai ka nemi sandunan nan biyu da ake gicciyawa a ɗora bindiga a kai. In za ka sayi sandunan, ka gwada su kana zaune a kan kujerar da za ka yi aiki da ita. Na ga wanda ya sayi kowanne daban, da aka je daji sandunan suka yi masa gajarta, ya yini a duƙe.

Kada ka ji kunyar gwadawa a cikin kantin. Zauna, juya hagu, juya dama, ka kasa kunne. In ta yi ƙara ko sau ɗaya, ajiye ta, domin da sanyin asuba ƙarar za ta ninka. Ka guji mai hannaye, suna tare gindin bindiga. Ka duba tana da maratayi, don hannunka zai kasance da kaya. Duk inda ƙarfe ke ƙyalli ko yake gogar ɗan'uwansa, ka naɗe shi da tef ko tsumma.

Wajen dasa ta kuma, kada ka fuskanci inda kake tsammanin dabbar kai tsaye. In da dama kake harbi, karkata yadda kafaɗarka ta hagu za ta nuna wurin, saboda mai harbi da dama ya fi samun sauƙin juyawa hagu. Rana ta kasance a bayanka, kai kana cikin inuwa. Ka sa ido sosai ta ɓangaren da iska ke kai warinka, don koyoti ya saba kewayawa ta can ya shinshina kafin ya ƙaraso. Kuma tun kafin a fara kira ku yi magana da abokinka: daga nan zuwa nan nawa ne, daga can zuwa can naka. Harsashin wanda ya zauna ƙasa-ƙasa miƙewa yake yi ya bi saman fili, ya yi tafiya mai nisa, saboda haka ka san abin da ke bayan dabbar, ko shanu ne, ko gida, ko hanya.

Abu ɗaya da ya fi kujera muhimmanci gare ka: takarda. Dokar tarayyar Amurka ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga, sai in yana da ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Texas kuma ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta. Koyoti ba shi da lokacin da aka rufe farautarsa a jihar, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar mutane ce, kada ka tsallaka waya ko da taku ɗaya ba da izinin mai fili ba. Ka kammala waɗannan kafin ka taɓa bindigar kowa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Daga kaka zuwa yanzu dila ya kwashe mini 'yan awaki huɗu. Ina da adaka mai lasisi, nakan yi dakonsa da dare a bayan garke, amma shekaru sun ja, gwiwa ba ta barina in daɗe a tsugune. Yarana sun ce in riƙa fita da farar kujerar roba. Me ka gani?
Daga wani manomi, ƙasar Maigatari.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Asarar awaki huɗu ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin garke.

Wasiƙarka da ta ɗalibin can sun zo a mako ɗaya, na kuwa haɗa su da gangan, don dabbobin nan biyu dangin juna ne. A 2015 masana suka binciki ƙwayoyin halittar dilan da ke yankinmu na Sahel, suka gano ya fi kusa da koyoti da kyarkecin Turai a kan dilan ƙasashen Asiya da aka daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne da shi. Wayon ma ɗaya ne. Ba a banza aka ce masa malamin daji ba.

Kujerar roba dai a bar ta a tsakar gida. Fara ce, ko a farin wata kaɗan tana haske. Ta yi tsayi, tana ƙara duk sanda ka numfasa, kuma ƙafarta kan turɓune a yashi ta kayar da mutum. Ka tuna adaka tana da naushi. Mutum yana kan abin da ba shi da gindi ya ɗana ta, zai iya samun kansa a ƙasa da bindiga a hannu cikin duhu. Abin da ya dace da kai yana cikin madafin gidanka: kujera 'yar tsugunno. Ka shimfiɗa buzu a kanta, ka jingina bayanka da gindin aduwa ko kalgo mai kauri, ƙafar da ke ciwo a miƙe, ɗayar a tanƙwashe ka ɗora hannu.

A wurinmu ɗagowa daga ƙasa ya wuce maganar jin daɗi. Kububuwa da dare take yawo, launinta launin ƙasa, kuma ita ce ta fi kai mutane asibitin saran maciji na Kaltungo. Ga kunama, ga cinnaka. Ka je wurin tun da rana, ka share shi tas, ka kawar da duwatsu da tarin kara, ka nisanci suri da ramukan gafiya. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu. Yin hakan da rana yana da wata fa'ida: za ka auna tazarar da adakarka ke iya kaiwa, wadda ba ta da yawa, ka kafa alama, ka kuma tabbatar bakin bindigar ba ya kallon gida ko turbar da mutane ke bi.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka harbi ƙyallin ido kawai. Idon kare da na ɗan akuya duk suna ƙyalli a hasken cocila, kuma bayansu wataƙila yaro ne ya fito neman dabbarsa. Sai ka ga jikin dabbar sarai. A halin tsaron da ake ciki kuma, mutum zaune a duhu da bindiga abin tsoro ne ga kowa, saboda haka ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin garinku daren da za ka fita da inda za ka zauna.

Sannan ka duba da kyau ko dilan ne. Sau da yawa karnukan da suka gudu daga gari ne ke ɓarna a ɗora wa dila. In shi ne, wanda ya saba da garkenka kaɗai nake so ka nema. Sauran suna can suna rage maka ɓera da gafiya da fara, suna share mushe. Amurkawa sun fi shekara ɗari suna kashe koyoti, hukumar gwamnatinsu kaɗai tana kashe dubun-dubata duk shekara, amma dabbar da asalinta filayen yamma da tsakiyar ƙasar ne yau ta bazu kusan ko'ina, har ta gangara Panama. Harbi kan ɗauke maka ɓarawo ɗaya, amma shingen ƙaya mai kauri wanda ba rami a ƙarƙashinsa, da kare mai haushi, da shigar da ƙananan tun kafin magariba, su ne za su bar ka ka yi barci.

In uwargida ba za ta iya rabuwa da tata kujerar ba, ka je wurin kafinta. Ka ce masa tsayi inci takwas saboda gwiwarka, mazauni mai faɗi, ƙafafu huɗu masu kauri a ɗan baje. Ya haɗa ta da kyau yadda ba za ta yi kuka ba, kada ya shafa mata fenti mai ƙyalli, ya kuma huda gefe ɗaya ka zura igiyar ratayawa.